Fijon Hanyar Banyo

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shata iyaka tsakanin halal da haram, ya kuma sanya rahamarsa ta fi kowace iyaka faɗi.

Tun ranar da Hajiya Zenaba ta faɗi abin da ta faɗa, dariya ta ƙaura daga gidan mijinta Alhaji Abduljalil, ɗaya daga cikin tsofaffin fataken Garwa. An riga an karɓi gaisuwar dangin Mahfuzu, malamin gona mai kula da manoman auduga, ana shirin sa ranarsa da 'yar gidan, Adawiyya, ma'aikaciyar jinya. Wajen binciken asali aka ambaci mahaifiyarsa: marigayiya Fati, Bafulatanar Banyo, matar Malam Bilya mai shanu.

Hajiya ta dafe ƙirji, ta ce, "Na shayar da ɗan Fati."

Shekaru sama da talatin ke nan, a wata damina, motarsu ta kafe a hanyar Banyo. Tana goyon babbar 'yarta Khaula a lokacin, sai ta ba jaririn wata fasinja mai suna Fati nono. Fati kuwa 'ya'ya biyu ta bari, Lukmanu babba da Mahfuzu, tsiransu bai cika shekara biyu ba. Wanne ne ya sha? Hajiya ta kasa tunawa. Fati ta rasu, mijinta ya rasu, tsofaffin da ke cikin motar duk ƙasa ta rufe su.

Limamin unguwa ya yi bayani a fili. "Idan Lukmanu ne, babu laifi, domin hukuncin shayarwa yana kan wanda ya sha, ba ya tsallakawa kan ɗan'uwansa. Idan Mahfuzu ne, Adawiyya ƙanwarsa ce har abada. Tunda ba a sani ba, a bar abin da ake kokwanto a kansa."

Aka bari.

Ba a daɗe ba Mahamat ya fito neman aurenta, ɗan babban abokin cinikin Alhaji na Kusiri. Adawiyya ta amsa, irin amsar wanda ya gaji da kuka. Aka ce Juma'a mai zuwa za a sa rana.

Da safiyar Asabar Mahfuzu ya yi sallama a zauren gidan, jakar tafiya a hannunsa. Adawiyya ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Sallama na zo yi, ƙanwata," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na nemi a mayar da aikina garin Kaélé, an amince. Da azahar motar za ta tashi."

"Kada ka ƙara kirana da wannan suna."

"To da wanne zan kira ki? Shi ne kaɗai aka bar mini."

Hawaye suka ɓalle mata. "Ba a tabbatar ba, Mahfuzu. Ba wanda ya ce kai ne."

"Ba kuma wanda ya ce ba ni ba ne. Kin san ina sonki son da ban san iyakarsa ba. Amma ba zan gina gida a kan wataƙila ba, mu haifi 'ya'ya, kullum in dube su ina tambayar kaina."

"Wani lokaci nakan ji haushin Inna," ta ce cikin shesshekar kuka. "Da ta yi shiru, wa zai sani?"

"Allah zai sani. Kada ki ji haushinta. Na ga fuskarta ranar, ta fi mu shan ɗaci. Matar da ta zaɓi kukan 'yarta a kan fushin Ubangijinta, gode mata ake yi."

"Kai har yanzu godiya kake yi?"

"Idan na daina, me ya rage mini?" Ya ɗauki jakarsa. "Ki riƙe Mahamat da amana. Ba shi ya raba mu ba."

Ya fita bai waiwaya ba. Ta jingina da bango, ta toshe baki da mayafi, don kada mahaifinta ya ji.

Da hantsi Mahamat ya iso cikin sabuwar motarsa, yana ƙamshin turare, fuskarsa cike da fara'a. Ya durƙusa ya gaida Hajiya.

"Inna, yau sai kin raka mu unguwar Djamboutou. Akwai wani tsoho da ya tara motocin dā, mutane har daga Marwa suke zuwa kallo. Yanzu abin da ake yayi shi ne a kai amarya a tsohuwar mota. Ina so Adawiyya ta zaɓa da kanta, ke kuma ki sa albarka."

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "A zamaninmu tsohuwar mota kunya ce, yanzu ta zama ado. To mu ma tsofaffi Allah ya kawo yayinmu."

Mahamat ya yi dariya. Adawiyya ta ɗauko mayafinta.

Gidan motocin wani dogon sito ne mai rufin kwano, inda a dā ake tara auduga. An share shi tas, an jera motoci sahu biyu, an kewaye su da igiya don kada masu kallo su taɓa. Mai wurin, Baba Antoine, mutumin kudu ne, tsohon direba, kansa fari fat, tsumman goge mota a kafaɗarsa. Hausarsa ta tasha ce, tana gauraye da Fillanci da Faransanci.

"Jabbaama, jabbaama! Ku shigo ku gaida 'yan matana. Ba wadda ba ta girme ka ba, patron, saboda haka da ladabi."

Ya bi da su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da 'ya'yansa ga baƙi. Ga wata ƙaramar Sitiroyan mai rufin tamfol, wadda ya ce wata sista ce ta riƙa kai magani ƙauyuka da ita. Ga Landirova mai launin ƙasa da ya tono daga bayan wani gida, kaji sun mayar da ita akurki. Ga wata mai doron kunkuru, injinta a baya. Ga ƙatuwar Barliye ta ɗaukar auduga, tayarta ta kai ƙirjin mutum. Kowacce tana sheƙi, kowacce tana da labari, shi kuma ba ya gajiya da bayarwa.

Mahamat ya ja burki a gaban wata baƙar Marsandi mai dogon hanci.

"Wallay wannan ce! Adawiyya, dubi kujerun. Fata ce zalla."

"Tana da kyau," ta ce.

"Duk wadda na nuna miki sai ki ce tana da kyau."

"Duk suna da kyau."

Baba Antoine ya dube ta, ya dubi Mahamat, ya ci gaba da goge fitilar da ba ta da ƙura.

Hajiya kuwa ta bar su a baya, tana tafe tana jan carbi. Kallon motocin ya sa mata tunani. Kowacce a cikinsu an taɓa yi mata guɗa ranar da ta shigo gari, masu ita sun yi taƙama, yau ga ƙarfen a tsaye, masu shi suna kwance. Tana cikin ambaton Wanda ba ya gushewa ta kai ƙarshen sito, sai ƙafarta ta tsaya.

A lungu akwai wata farar Fijo mai buɗaɗɗen baya, an lulluɓe ta da koren tamfol, da benci biyu suna fuskantar juna. A murfin bayanta an zana zabuwa, mai zanen ya manta ya yi mata ƙafa ta biyu.

Carbin ya faɗi daga hannun Hajiya.

"Inna, lafiya?" Adawiyya ta rugo ta riƙe ta.

"Kira mini mai wurin."

Baba Antoine ya ƙaraso yana murmushi. "Ah, Madame, wannan ba ta haya. Da ita na fara neman abinci, Banyo zuwa Tibati, Tibati zuwa Ngaundere. Ita ta haifi sauran duka."

"Na san zabuwar nan," in ji Hajiya. "Yini guda na yi ina kallonta ana tura mota. Ka taɓa kafewa a laka bayan an bar Banyo?"

"Sau nawa! Hanyar nan da damina ko jaki sai ya yi istigfari."

"Ranar da wani jariri ya yi ta kuka, har wata fasinja ta karɓe shi ta ba shi nono?"

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ƙura mata ido, ya sauke tsumman daga kafaɗa.

"Ke ce? Mai 'yar da jikinta ya yi zafi?"

"Ni ce."

"Mon Dieu." Ya ɗage igiyar da hannunsa. "Shigo, Madame. Ke ba 'yar kallo ba ce, fasinja ce."

Adawiyya ta taimaka mata ta hau, ta zauna a bencin hagu, daidai inda ta zauna a wancan lokaci. Adawiyya ta juya ga tsohon.

"Baba, don Allah, ka tuna sunan jaririn? Ko shekarar?"

"Shekara? Damina duk ɗaya ce a wurin direba, 'yata. Suna kuwa, ai shi ne abin da ya tsaya mini a rai har yau. Na ɗauki mutane iri-iri a motar nan, ban taɓa ganin uwa mai taurin zuciya kamar uwar yaron nan ba."

"Fati?" in ji Hajiya. "Fati ba ta da taurin zuciya."

"Madame, da idona na gani! Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wurin fita, kowa ya takure a ƙarƙashin tamfol. Yaro yana hannun wata tsohuwa a nan, yana kuka har muryarsa ta dushe. Wani dattijo mai rawani yana can, ya kafa ido a ƙasa. Uwar kuwa, yarinya ɗanya, ta juya fuska ga tamfol kamar ba ita ta haife shi ba. Gaban rigarta ya jiƙe da nono, hawaye yana zuba, amma ta ƙi miƙa hannu. Na leƙo na ce da ita, ke, ɗauki ɗanki mana! Ko motsi. Na ce to yaya sunansa, in yi masa wasa? Sai ta rufe fuska kamar na zage ta. Tsohuwar ta harare ni ta ce, direba, tuƙi aka ba ka."

Hajiya ta ɗaga kai. Ta dubi bencin da ke gabanta, ta dubi inda dattijon ya zauna.

"La ilaha illallah," ta ce a hankali. "Ɗan fari ne."

"Inna?"

"Ɗan fari ne, Adawiyya! Dattijon surukinta ne, tsohuwar uwar mijinta." Ta juya ga Baba Antoine, hawaye yana bin kumatunta. "Ba ƙiyayya ka gani ba, bawan Allah, kunya ka gani. A wurinmu, balle a wurin Fulani, mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta buɗe ƙirji ta ba shi nono a gaban surukai. Da a gari ne, da ta zaga bayan ɗaki da shi. To ina za ta zaga a cikin ruwan nan? Na biyu kuwa ba a yi masa wannan kunya, ko a tsakiyar kasuwa sai ta shayar da shi."

"Ah bon!" Tsohon ya riƙe haɓa. "Na sha jin ana faɗin kunyar nan, ban taɓa zaton ta kai haka ba. Ashe shekara da shekaru ina jin haushin baiwar Allah a banza."

"Yanzu na ji muryar tsohuwar a kunnena," Hajiya ta ci gaba. "Ta matso ta raɗa mini, taimake mu 'yata, na fari ne, ba za ta iya a gaban surukinta ba. Wallahi haka ta ce. Kowa yana tambayata wanne ne, wace shekara ce, ina ta laluben fuska da suna. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa na shayar da ɗan da uwarsa ke zaune."

Adawiyya ta durƙushe a jikin motar. "Lukmanu ne babba, Inna. Lukmanu ne na fari."

"Shi ne."

Duk wannan a kunnen Mahamat, wanda ya ƙaraso tun tsakiyar labarin. Fuskarsa ta canza.

"Inna, da girmanki. Tsohon direba da tsohuwar mota ne za su kwance abin da manya suka ƙulla? Mahaifina ya gaya wa duk Kusiri."

"Ɗana, ban zo nan don in kwance komai ba. Kai ka kawo ni."

Ya juya ga Adawiyya. "Ke fa? Ki faɗa da bakinki."

Ta miƙe, ta share fuska. "Ban taɓa ɓoye maka ba, Mahamat. Ranar da ka fara zuwa na gaya maka inda zuciyata take, ka ce lokaci zai gyara. Da abin ya tabbata haram, da na zauna da kai da amana har mutuwa. Ka yi mini alheri, ba zan manta ba. Amma ka tambaye ni, ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya dubi baƙar Marsandin da ke sheƙi a can, ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Na kawo ki zaɓen mota, kin zaɓa. Khalas. Sauran zan ji daga bakin Alhaji."

Ya juya ya fita. Suka ji tashin motarsa, ƙararta ta yi nisa.

"To," in ji Baba Antoine, "patron ya tafi da ƙafafunku." Ya shafa murfin Fijon. "Ba ta haya, amma tana kai fasinjanta gida. Waccan tafiyar ma sai da na kai ki, Madame."

Ya kwance igiya, ya buɗe ƙofar sito. Motar ta yi tari, ta sake tari, sannan ta kama. Haka suka ratsa Garwa, masu babura suna yi musu fito, mata a bakin hanya suna nuna zabuwa mai ƙafa ɗaya. Uwa da 'ya suna zaune a baya, hannu cikin hannu, ba mai magana sai hamdala.

Sun tarar da Alhaji Abduljalil a zaure tare da Liman, sun dawo daga sallar azahar. Ganin matarsa tana saukowa daga bayan tsohuwar mota ya sa ya miƙe.

"Me nake gani haka? Ina Mahamat?"

Hajiya ta durƙusa daga gefe ta zayyana komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Alhaji ya saurara fuskarsa a ɗaure.

"Na ba mutane magana," ya ce. "Shekara nawa muna ciniki da mahaifin yaron nan, ko musu bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Yanzu in ce masa me? Matata ta ga mota ta tuna?"

Liman ya ɗaga hannu. "Hajiya, zan tambaye ki, ki amsa kamar kina gaban Wanda ya san abin da ƙiraza suka ɓoye. Tunawa kika yi, ko tausayin 'yarki ne ya tuna miki?"

"Malam, da tausayinta zai sa ni ƙarya, da tun farko ya sa ni shiru. Ni na tsayar da auren nan da bakina, na kwana ina jin kukanta ta bango ban janye ba. Tsoron da ya buɗe bakina ran nan, shi ya buɗe shi yau. Na ji maganar tsohuwar kamar yanzu take faɗa. Na fari ne."

Liman ya jinjina kai. "Alhaji, ba da shaidar direba za mu yi aiki ba, shi tunatarwa kawai ya yi, Allah ya saka masa. Kokwanton daga bakin Hajiya ya fito, ba mai shaida a kansa sai ita, yau kuma ta kawar da shi da dalili wanda duk wanda ya san al'adarmu zai gane. Lukmanu ɗanta ne. Mahfuzu ba ɗanta ba ne. Kuma shi ya riga nema, kun amsa masa, ba ku sallame shi don wani aibu ba. Ba a sa rana da na biyu ba tukuna."

Alhaji ya dubi 'yarsa da ke rakuɓe a bakin ƙofa. Sai a lokacin ya lura da yadda wuyanta ya rame.

"Wataƙila in rasa abokin ciniki," ya ce a hankali. "To. Allah da ya ba ni shi yana nan. Ba aike zan yi ba, gobe da ƙafata zan tafi Kusiri in ba su haƙuri, duk abin da suka faɗa mini in haɗiye." Ya numfasa. "Alhamdu lillahi da bai bar mu mun haramta abin da ya halatta ba."

Adawiyya ta faɗi ta yi sujada a kan tabarmar zauren.

"A kuma aika Banyo," in ji Hajiya tana share ido. "A gaya wa Lukmanu yana da uwa a Garwa. Shekara talatin ina da ɗa ban ko san fuskarsa ba."

Alhaji ya fita da kansa ya kama hannun Baba Antoine da hannu biyu. "Usoko, usoko, mun gode. Allah ya yi maka sakayya."

"Ba ni ba ne, Alhaji, ita ce," in ji tsohon yana nuna motar. "Mutane suna ce mini mahaukaci, ina tara ƙarfen da ya mutu. Idan ranar ta zo, ni zan kai amarya. Amma a gaba za ta zauna, benci na Madame ne."

Alhaji ya yi dariya, karo na farko tun da abin ya faru. Ya dawo zaure, ya ciro wayarsa ya miƙa wa 'yarsa.

"Ina yaron yake?"

"Ya tafi Kaélé, Baba. Da azahar motarsu ta tashi."

"To ba su yi nisa ba. Kira shi a gabana."

Ta danna lambar. Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, ƙugin mota da surutun fasinjoji suna tashi a bayansa. Da ya ji sallamarta sai muryarsa ta yi rauni.

"Lafiya, ƙanwata?"

"Ƙanwar Lukmanu ce ke magana," ta ce, kuka da dariya sun haɗu a muryarta. "Inna ta tuna, Mahfuzu. Ɗan fari ta shayar. Ga Baba, ga Malam, sun ce ka dawo."

Har ta zaci wayar ta yanke. Can ta ji shi yana maimaita hamdala, murya tana karyewa, kamar mai tsoron kada ya farka. Sannan ta ji ya buga jikin mota da ƙarfi.

"Direba, tsaya! Don girman Allah tsaya, sauke ni a nan!"